Yadda Ake Kiran Ɗalhatu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Ni ne mahaifinku, mai gyaran keken ɗinki, nake rubuta wannan da hannuna a kan teburin shago, da rana tsaka, hankalina yana jikina, ba wanda ya tsaya a kaina ya ce in rubuta kaza in bar kaza. Na san jikokina ɗaya bayan ɗaya, na san mai kowane keke a cikin duk kekunan da ke jingine a nan, na kuma fahimci abin da likita ya faɗa game da maƙogwarona, ba sai an sassauta mini ba. Ya ce muryar ce za ta fara tafiya, sannan mai muryar ya bi bayanta. To, muryar ta riga ta ɗaure kayanta. Shi ya sa abin da ya kamata in tara ku in faɗa da baki nake kartawa a takarda, ni da ban taɓa rubuta abin da ya fi rasit tsawo ba.

Da ku uku nake magana: kai Babba, ke Malama, da kai Auta. Na huɗunku, Ɗalhatu, ba zai karanta ba, kuma kusan duk abin da ke cikin takardar nan a kansa yake. Kun san halin da yake ciki tun ranar da ƙarfe ya same shi a ka a wurin gini, amma sanin baƙo kuka yi masa, na wanda yake leƙowa ya yi sannu ya tafi. Bari in faɗa muku a fili. Ɗan'uwanku ba ya tashi, ba ya cin abinci, ba ya yarda a yi masa wanka sai an kira sunansa, kuma sai an kira shi yadda ya sani. In ba a kira ba, zai zauna a bakin gado da kwano a gabansa har abincin ya lalace. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya iya kiran, shi ne wannan da muryarsa take mutuwa. Ku karanta a zaune, ku ukun tare, kada wani ya karanta ya ba sauran labari ta waya.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba ni da bakin magana a ciki. Ku nemi wanda ya san rabon ya raba muku, kuma rabon Ɗalhatu a riƙe masa da tsoron Allah. Ba na bin kowa bashi, ba a bi na. Abin da ke wuyana amanar mutane ce. Kowane keke a shagon nan na ɗaura masa ƙyalle da sunan mai shi. Wanda na gama a kai masa, wanda ban gama ba a mayar a ba shi haƙuri, kada a karɓi ko sisi. Akwatin kayan aikina, da filaya da sukudireba da ragowar allurai da ƙoshiya, a ba telan da ke maƙwabtaka da shago. Ya daɗe yana aron su, har sun fi sanin hannunsa da nawa, gara a halasta masa.

Na biyu. Gida. Wannan roƙo ne, ban da ikon hana ku haƙƙinku. Ina roƙon kada a sayar da shi muddin Ɗalhatu yana numfashi. Daga ɗakinsa zuwa bayan gida, daga bayan gida zuwa benci na tsakar gida, iyakar duniyar da ƙafarsa ta haddace ke nan. Lokacin da aka yi fenti muka mayar da shi ɗakin gaba, bango ya yi ta tunkara da goshi yana neman ƙofa inda ba ta. Babba, na san ka samu mai saye, na kuma san gidan da ka nemo wa ɗan'uwanka, na ajiye masu taɓin hankali, tunda da kanka ka kai ni na gani. Ban ce mugaye ba ne. Wurin yana da tsabta, ma'aikatan suna iya ƙoƙarinsu. Amma na ga lokacin cin abinci. Mace ɗaya ce take buga cokali a jikin faranti tana kwaɗa kira daga bakin ƙofa, wanda ya taso ya ci, wanda bai taso ba a jira ya galabaita a sa masa ta roba a hanci. Ɗan'uwanka yana cikin waɗanda ba za su taso ba. Ka ce mini a mota, wai Baba ai ba za mu kashe rayuwarmu duka a kan mutum ɗaya da bai ma san mu ba. Ban amsa maka ba saboda maƙogwaro, ga amsar yanzu: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na uku. Tsohon kan keken nan baƙi da ke ɗakinsa, kada a sa shi cikin kayan gado, kada kuma wani mai neman lada ya ce zai gyara. Da gangan na cire allurar. Wilin yake juyawa da hannu, ƙarar ce take kwantar masa da rai, yana iya wuni a kai. A riƙa ɗiga masa mai, in ya fara ƙara kamar kukan ɓera to ya bushe. Ranar da wilin ya cije, za ku ga abin da ba ku taɓa gani ba.

Na huɗu. Sunan kansa. Kun tashi kun ji ana faɗa, ban taɓa zaunar da ku na gaya muku inda na samo shi ba. Sunan maigidana ne, wanda ya koya mini gyaran keke, mutum mai kaifin baki da ba ya yabon aiki sai dai ya yi shiru, amma a ƙarƙashinsa na ci abinci har na zama mutum. Da aka haifi ɗan'uwanku na tambayi wani malami ma'anar sunan, ya ce asalinsa Larabci ne, sunan wata itaciya ce ta daji mai ƙaya, wadda take tsayawa inda ruwa ya yi ƙaranci, matafiya su sha inuwarta. Da na kawo wa mahaifiyarku labari sai ta riƙe haɓa ta ce duk itatuwan Allah masu 'ya'ya na rasa wadda zan zaɓa wa ɗanta sai mai ƙaya. Na ce mata ai inuwar na duba. Ta ce to Allah ya sa inuwar ta fi ƙayar yawa.

Kuma ta fi. Wannan nake so ku riƙe, don na ga kun fara mantawa. Malama, wa ya riƙa ɗaukar ki a bayan keke zuwa makarantar horon malamai, ya jira ki a rana, ya dawo wurin walda idonsa jawur? Auta, shagon wayoyin da kake taƙama da shi, wa ya haɗa maka ƙofar ƙarfensa da rumfarsa a ranakun hutunsa? Kai kuma Babba, ba sai na tuna maka wanda ya kwana a asibiti da ɗanka na fari lokacin da aiki ya kai ka nesa ba. Kun sha inuwa. Yanzu ƙayar ce ta rage, yana yaƙushi, yana tofar da abinci, yana ɓata shimfiɗa. Itaciyar dai ita ce, ba a canja ta ba.

Na biyar. Ba a gajarta sunan nan. Ba a cewa Ɗalha, ko da wasa, ko a bayan idonsa, ko a tsakar gida kuna zaton ba ya ji. Abokan aikinsa ne suka yanke masa wutsiya, don a saman gini ba a da lokacin dogon suna. Ranar da abin ya faru yana durƙushe yana walda, sarƙar injin ɗaga kaya ta zame, ƙarfe ya taho. Abokin aikinsa Dogo ya hango daga sama ya kwarma masa kira da gajeren sunan nan da iyakar ƙarfinsa. Shi kuma ya ture gilashin fuska ya ɗaga kai don ya ga mai kira. Abin da kunnensa ya ji na ƙarshe yana da cikakken hankali ke nan. Har yau in ya ji shi, ko a rediyo ne, sai ya rufe kai da hannu biyu ya faɗa ƙarƙashin gado yana gurnani, kuma ba ya fitowa sai yunwa ta kusa kashe shi. 'Ya'yan unguwa sun gano haka. Suna hawa katanga ta baya su kwaɗa kiran su gudu suna dariya. Na kai ƙara gidajensu har na gaji, na sa fasassun kwalabe a kan katangar, na kuma cire don kada in yanka ɗan wani. Wanda zai zauna a gidan nan ya san da wannan yaƙin, ba ya ƙarewa.

A nan ne zan yi maganar Dogo. Babba, ka shaƙe shi a harabar asibiti, ka ce da ya yi shiru da ƙarfen a kafaɗa zai sauka. Wataƙila haka ne, wataƙila kuma da a ƙeya zai sauka mu binne shi a ranar. Ba wanda ya sani sai Allah. Abin da na sani, mutum ya ga mutuwa ta nufo abokinsa ya yi ihu, kai ma abin da za ka yi ke nan. Ka hana shi shiga gidan, ni kuma gidana ne, na buɗe masa. Ya daɗe yana zuwa ranar da ba shi da aiki. Shi yake yi wa ɗan'uwanka aski, shi yake yanke masa farce, shi yake ɗaga shi in za a juya katifa, tunda ni ƙarfina ya ƙare. Daga ƙofar gida yake rufe bakinsa, ko sallama da hannu yake yi, don ya san muryarsa guba ce a kunnen abokinsa. Ƙato guda yana aiki shiru kamar bebe, in ya fita waje ya jingina da bango ya share ido. Ka je har inda yake ka ba shi hannu. Kuna bukatarsa fiye da yadda yake bukatar ku.

Na shida. Yadda ake kiran. Wannan ne zuciyar takardar, in kun yar da sauran ku riƙe shi.

Ba daga baya ake kira ba, ba kuma daga tsakar gida ba. Ka zo bakin ƙofa ta gefen hagunsa, don kunnen dama ya mutu. Ka rage tsawo, ka durƙusa ko ka zauna a kan 'yar kujerar da na ajiye a wurin, kada muryar ta sauko masa daga sama. Ka bari ya ga kwanon. Sannan ka faɗi sunan gaɓa uku, a hankali, kowace gaɓa da wurin zamanta: Ɗal, ha, tu. Ta farkon a tausashe, kamar mai taɓa ƙofar ɗakin mara lafiya. Ta tsakiya a ɗan ja ta, a bar numfashi ya fita tare da ita. Ta ƙarshen a sauke ta ƙasa a ajiye, kada a ɗaga ta kamar mai tambaya, kada a datse ta kamar mai ba da umarni. Sau ɗaya ake faɗa. Daga nan sai ka yi shiru ka jira, ko da jiran ya kai ka ji ƙafarka ta yi sanyi. In ka maimaita da wuri ka ɓata, sai ka tashi ka ba shi lokaci ka dawo. In ya ji, wilin zai tsaya, zai juyo da fuska, ya miƙo hannun hagu. Shi ke nan, ranar ta yi kyau.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, kiran mahaifiyarku ne. Tun yana ƙarami yaro ne mai firgita, sai ta saba kiransa a hankali daga bakin murhu, kuna yi mata dariya kuna cewa kafin ta gama kiran abinci ya huce. Bayan hatsarin, da aka sallamo shi bai san kowa ba, likitoci sun gwada, ni na gwada, ba ya ko ƙifta ido. Ita ce ta zauna a gabansa ta kira shi yadda ta saba, sai ya miƙo hannu. Daga ranar ita kaɗai yake amsa wa, ni kuwa ɗan ɗauko ruwa ne da wankin zanin gado.

Da ciwonta ya yi nauyi ta gane ba za ta tashi ba, sai ta ce in zo in koya. Na ce mata ni da na raɗa sunan za a koya wa faɗinsa? Ta ce kai ka raɗa, amma kana faɗinsa kamar mai kiran ɗan acaɓa. Ga yadda ta yi. Kullum da safe nakan tallabo ta in zaunar da ita a bakin ƙofarsa, in zauna a gefenta. Mu faɗa tare, muryarta a sama tawa a ƙasa. A hankali ta riƙa rage tata ina ƙara tawa, kamar yadda ake haɗa sabon zare da tsoho kafin tsohon ya ƙare a ƙoshiya. Mun ɗauki watanni. Wata rana na ga ya miƙo hannu, na waiga na ga bakinta a rufe, tana murmushi hawaye na zuba. Ba ta daɗe ba bayan haka. Na gaya muku wannan don ku san abin yana koyuwa, an taɓa miƙa shi daga baki zuwa baki. Amma sai da murya biyu a lokaci guda.

Tun da likita ya yi mini bayani nake aika muku ku zo mu zauna a bakin ƙofar nan. Kowannenku ya zo, ba zan yi muku ƙarya ba, amma zuwan gwaji, sau ɗaya ko biyu. Babba, kai ka saba da direbobin da kake shugabanta, sunan yana fitowa daga bakinka kamar za ka ba shi takardar kora, kuma kana duba agogo. Malama, ke kin fi kowa kusa, muryarki ta uwarku ce sak, amma kina zuwa gaɓa ta tsakiya sai kuka ya karya ta, shi kuma kuka yana tayar masa da hankali. Ki yi kukanki a gida ki gama, ki wanke fuska, sannan ki zo. Auta, kai kunya ce take damun ka, ka saba cewa Yaya, sunan yayanka yana yi maka nauyi a baki har kana haɗiye ƙarshensa. Na yaba da tarbiyyar, amma bai san wani Yaya ba yanzu. Na yafe maka, ka kira shi da sunansa, ladabin da ya fi shi ne ya ci abinci. Duk kun ce za ku dawo in aiki ya yi sauƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi kuwa tafiyar ta zo.

Na bakwai. Auta, muryata da ka ɗauka a waya, ka goge ta. Na san da kyakkyawar niyya ka yi, ka ce Baba ai zamani ya kawo sauƙi, ko bayan ranka sai a danna masa. Ka tuna abin da ya faru da muka gwada. Na koma shago, ka ajiye wayar a bakin ƙofa ka danna. Ya tsayar da wili, ya juyo, ya miƙo hannu, bai ga kowa a kan kujerar ba. Ya tashi ya duba bayan ƙofa, ya duba bayan gida, ya ɗaga katifa, ya zagaya tsakar gida yana wani irin kuka marar hawaye, abincin kuwa ko kallonsa bai yi ba. Ranar ina raye, na dawo ya gan ni ya huce. Ka yi tunanin ranar da za a danna masa ba ni a duniya. Zai neme ni kowace safiya, ya rasa ni kowace safiya. Ku bari ya rasa ni sau ɗaya kamar kowa. Ban yafe ba in aka kunna masa muryata bayan an binne ni.

Na takwas. Wasu ƙananan abubuwa da suka shafi sunan. In za a kai shi asibiti, ɗayanku ya riga shi shiga ya roƙi mai kiran layi kada ta kira sunansa, ta ɗaga hannu kawai, don su da ƙarfi suke kira kuma a gajarce. Auta, matarka tana da ciki, na ji kana cewa in namiji ne za ka mayar da sunan yayanka. Allah ya yi maka albarka, amma kada ka yi yanzu. Yaro dole a kwaɗa masa kira, dole a tsawata masa, dole abokansa su gajarta, duk kuwa a kunnen mai sunan. Ku jira sai Allah ya karɓi abinsa. A lokacin kam ina so a mayar, kuma a gaya wa yaron ma'anarsa da irin mutumin da ya riƙe shi kafin shi, kada sunan ya ƙare a unguwa a matsayin sunan mahaukacin gidan mai keke.

Matarsa kuma da ta nemi a raba auren ta koma gidansu, ku daina zaginta. Yarinya ce, ta yi jinya iyakar ƙarfinta, ta kira shi har muryarta ta dushe bai taɓa juyowa ba. Ni na ce ta tafi, na kuma sa mata albarka. Malama, ke kika fi zafi a kanta. In kun haɗu a hanya ki gaishe ta.

Na tara, kuma na ƙarshe. Ban so in rubuta wannan ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Muryata yanzu rana-rana ce. Wata safiyar in na sha ruwan ɗumi na yi ta kakari takan fito, siririya kamar ta wani, ya yi jim yana tantama, sannan ya miƙo hannu. Wata safiyar ba ta fitowa sam. Ranar da ba ta fito ba, ba ya ci. Ku dubi wuyan rigarsa in kun zo, za ku ga yadda ya yi masa yawa.

Ranar farko da ta ƙi fitowa, na zauna a kan kujerar da kwanon kunu a hannu, na buɗe baki, iska kawai. Na sake, iska. Yana ta juya wili, ni ina ta buɗe baki kamar kifin da aka jefa a tudu. Rana ta ɗaga, kunun ya yi sanyi. Can sai wilin ya tsaya da kansa. Bai juyo ba, yana kallon bango. Sai na ji murya a ɗakin, wadda rabona da ita tun safiyar da ya ɗauki jakarsa ya tafi wurin gini. Ɗan'uwanku, da likita ya ce ba zai ƙara magana ba, ya buɗe baki ya faɗi sunansa. Gaɓa uku, ta farko a tausashe, ta tsakiya a ja, ta ƙarshe a sauke, yadda uwarsa take faɗa, ko ni ban taɓa faɗinsa da kyau haka ba. Sau ɗaya ya faɗa, sannan ya yi shiru yana jira.

Na yi murna, na zaci ya kira kansa zai ci. Na tura kwanon gabansa. Bai taɓa ba. Sai na gane ba kiran kansa yake yi ba, ba wanda yake kiran kansa. Tuna mini yake yi. Ya zaci na manta yadda ake faɗa ne, shi ne yake koya mini, yana jira in mayar masa. Ni kuwa ina zaune a gabansa, ubansa, da sunan a cikin bakina, na kasa fitar da shi. Na binne iyayena, na binne mahaifiyarku, ban taɓa jin ciwo irin na safiyar nan ba.

Tun daga ranar, duk safiyar da na kasa, haka yake yi. Ya tsayar da wili, ya faɗa sau ɗaya, ya jira. Don haka ba ku da sauran uzuri, ni ma ba ni da sauran fargabar cewa kiran zai bi ni kabari. Na ce muku sai da murya biyu ake koya, to ga ta biyun nan Allah ya fitar daga inda ba a zata ba. Ban san tsawon lokacin da zai yi yana faɗa ba kafin ya gaji ya daina, jikinsa kuma ba zai jure yunwa mai yawa ba. Ku raba safiya a tsakaninku yadda kuka ga dama, ku yi faɗa a kai in kuna so, amma kada gari ya waye kujerar nan ba kowa a kanta. Wanda ya zo ya zauna ta hagu, ya riƙe kwano, ya kasa kunne. In ya faɗa, a mayar masa yadda ya faɗa. Ba zai karɓa ranar farko ba, ni ma bai karɓa ba. A dawo gobe.

Ranar da za a fitar da ni, na san gidan zai cika, za a yi ta hidima da baƙi. Kafin a ɗauke ni, ɗayanku ya bar mutane ya je bakin ƙofar nan. Ni ba na sauri, zan jira.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da abokan zamanku. Na yafe muku abin da na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini kaifin baki, a wurin maigidana na gado shi. Babba, ka riƙe ƙannenka da sauƙi. Malama, ki riƙa shiga tsakani in sun hau sama. Auta, ka riƙa jin magana ko ba ta yi maka daɗi ba. Ku huɗu na haifa, kada in ji an ce ku uku ne. Allah ya haɗa kanku, ya sa inuwarku ta fi ƙayarku yawa, ya sada mu da mahaifiyarku a inda ba ciwo.

Na ajiye alƙalami. Gobe da safe zan sake gwadawa, kujerar kuma tana ɗaukar mutum biyu in an matsa.

Mahaifinku.